Ranar da Injiniya Ya Toshe Zauren Giwa

Duk layin nan babu wanda ya taɓa ganin takardar shaidar Injiniya, amma babu wanda bai ga allon shagonsa ba, don allon ya fi ƙofar faɗi. A jiki an rubuta gyaran waya, gyaran kwamfuta, gyaran rediyo, hoton takardu, da "sauran matsalolin zamani". Shi ya raɗa wa kansa sunan, shi ya fara kiran kansa da shi, har mutane suka gaji suka bi. In ka kawo masa wayar da ta ƙi kawo wuta, zai buɗe ta, ya hura mata iska, ya rufe, ya miƙo maka ita da sukurori biyu a tafin hannu, ya ce waɗannan dama kamfani don ado ya sa su.

To, yayarsa tana da 'ya, Auta, mai karatun digiri na biyu a jami'a. Shekara biyu tana haɗa wani lissafi na yadda ruwa zai bi idan kogi ya yi ambaliya, lissafin da kwamfutarta ba za ta iya ɗauka ba. Sai an tura shi ga babbar na'urar jami'a, kwamfutoci ɗari biyu da aka haɗa a ɗaki guda suna aiki kamar ɗaya, wadda ɗalibai ke kira Giwa. Daga gida ma ana shigarta, in kana da suna da kalmar sirri. Lissafin Auta awa uku yake ci. Ran nan kuwa ƙarfe biyar na yamma za a kashe Giwa, wata guda cur ana gyara, ita kuma saura kwana goma ta kare aikinta gaban malamai. In lissafi bai fita yau ba, sai baɗi.

Sai ga shi jiya-jiya an yi mata aikin ido. Na dama aka ɗaure da bandeji, na hagun kuwa dama ba ya ganin komai sai da tabarau mai kaurin gindin kwalba, tabarau kuma ya ƙi zama a kan bandeji. Tana zaune a falo tana cewa uwarta ta kira mata ƙawarta ta sashensu, Injiniya ya shigo neman abin taɓawa.

"Wace ƙawa?" in ji shi, cokali a hannu. "Ina raye? Ina numfashi? Yaya, kina ji za a ɗauki aikin kwamfuta daga gidan nan a kai wa bare?"

"Kawu, ba irin kwamfutar da ka sani ba ce."

"Akwai wadda ban sani ba? Kira min sunanta."

"Kawunki ne fa," in ji uwar. "Kada ki kunyata shi."

Auta ta ce to, layi huɗu ne kacal za a rubuta, duk suna cikin takardar da ke maƙale a murfin kwamfutarta. Za ta faɗa, ya danna, shi ke nan. Injiniya ya ce ai sabis ɗin gidan nan ba ya ja, sai a shago.

Ba sabis ya kai shi shago ba. Kafin Auta ta sauko daga bene riƙe da bango ta tsallaka titi, har ya jona kwamfutarta da ƙatuwar talabijin ɗin da ake kallon ƙwallo, ya jera benci uku, ya leƙa ya kira Tela, ya kira Mai Aski, ya kira Mai Kemis da ke jikin shagonsa. Mai Aski ya zo da wanda yake yi wa aski, rabin kai fes, rabi daji.

"Jama'a," in ji Injiniya, yana naɗe hannun riga, "yau zan shiga jami'a ba ta geti ba. Daga kujerar nan zan tuƙa kwamfuta ɗari biyu da yatsa goma."

"Tara," in ji Tela. "Ɗaya ai fiffiken fanka ya ci rabinsa."

"Da taran ma na fi ƙarfin mai keken ɗinki."

Auta ta faɗi layin farko, ya rubuta. Talabijin ta yi baƙi ƙirin, sai 'yan fararen haruffa a lungu. Injiniya ya ɗan ji ba daɗi, don ya zaci za a ga hoton giwa, ko aƙalla tuta tana kaɗawa. Amma ya waiwayo ya ce wa jama'a wannan baƙin shi ake kira tsaro.

"Yanzu kalmar sirri," in ji Auta. "Matso da kunnenka. Harafi-harafi zan faɗa, kada ka maimaita."

Ta raɗa, ya danna. Ta raɗa, ya danna. Ya ɗaga kai, babu komai a talabijin. Ko ɗigo.

"Bai shiga ba."

"Ya shiga, Kawu. Haka take, ba ta nunawa."

"Ke, shekara sha bakwai ina wannan sana'a. Kalmar sirri ɗigo-ɗigo take fitowa, kamar kashin ɓera. Sake faɗa."

Ya rubuta ta a kan ta farko, ya buga babban maɓalli da ƙarfi. Giwa ta ce ba ta san wannan magana ba.

"Kun gani? Kibod ɗinta ya mutu." Ya jawo durowa, ya tono wani tsohon kibod da ƙura ta yi wa bargo, ya busa shi a fuskar mai rabin aski, ya jona. Wannan kuwa harafi biyu sun ɓalle daga jikinsa tun bara, da tsinken ashana ake danna su. Ya rubuta, ya buga. Giwa ta sake ƙi.

Auta ta dafe bandeji. "Kawu, ka ji ni da kyau. In aka yi kuskure na uku, za ta rufe ni awa guda. Ƙarfe nawa?"

"Ɗaya saura kwata," in ji Mai Kemis.

"To ka mayar da kibod ɗina, don girman Allah."

Ya mayar, amma ya ce injiniyan kirki ba ya aiki a makance, sai ya gwada. Ya buɗe farin shafi, ya rubuta kalmar daga ka, don ta riga ta zauna masa a yatsu. Ta fito ɓaro-ɓaro a talabijin, kowane harafi kamar tafin hannu. Mai Aski, wanda ba a taɓa rubuta abu a gabansa ya bar shi a zuci ba, ya karanta da ƙarfi:

"Kawuna… Sarkin… Kuri… sha bakwai."

Dariya ta ɓarke a shagon. Tela ne ya fara, ya kife a benci yana dukan cinya. Mai rabin aski ya bi. Auta ta ja mayafi ta rufe sauran fuskar da bandeji ya bari.

Injiniya ya gyara wuyan riga. "Dariyar me kuke? Kun dai gani da idonku. Shekara biyu ba a buɗe injin jami'a sai an ambace ni. Wa ake ambata a cikinku?"

Karo na uku ya rubuta sau ɗaya, yana hararar talabijin, ya buga. Giwa ta karɓa. Sai ta ce a kawo lamba shida da ta tura wa waya.

"Wayata tana sama, a caji," in ji Auta. "A je a ɗauko. Lambar daƙiƙa talatin take yi ta canza."

"A je a ɗauko? A wannan zamani?" Ya zaro tasa wayar ya kira yayarsa. Wayar tasa kuwa haɗe take da lasifikar da ke rataye a ƙofar shago, wadda yake sa wa layi waƙa tun safe, saboda haka har mai faci na bakin kwana ya ji an ɗauka.

"Yaya, duba wayar Auta ki karanto min lamba, maza!"

"A'a, ƙanena. Sannu da aiki. Ya kasuwar?"

"Lafiya, lambar!"

"Ya jikin yarinyar? Ba ta dai buɗe idon ba ko?"

"Yaya!"

"To bari in nemo tabarau. Ina na ajiye shi ne ma… Yawwa. Bakwai. Sai… wannan uku ne ko takwas? Tsaya. La, ta gudu. Wata ta zo."

Sau uku ana haka. Ta ukun ma har ta kai lamba biyar, sai ta tsaya ta ce tukunya na ƙonewa.

"Inna, ki sauko da wayar kawai!" Auta ta ɗaga murya.

"Ba ta cika ba. Kawunki ya ce duk wanda ya cire waya daga caji ba ta cika ba, ya kashe batirin da hannunsa."

Duka benci uku suka juyo suka kalli Injiniya. Ya kalli silin. Ya ce wannan doka ce ta gaskiya, amma yau ya ɗage ta.

Bayan minti biyar sai ga uwar ta tsallako titi a hankali, kamar mai ɗauke da kwanon miya cike. Waya a hannun dama, jone da caja, caja jone da doguwar soket mai baki huɗu, igiyar soket ɗin tana jan ƙasa a bayanta.

"Ban cire ba," ta ce. "Ga ta nan a cajinta."

Aka karanta lamba, aka shiga. Ƙarfe ɗaya da minti ashirin. Haruffa suka zubo, Giwa ta yi maraba. Injiniya ya miƙe tsaye ya ɗaga hannu biyu kamar shi ya ci ƙwallo.

"Zauna, Kawu, ba a gama ba," in ji Auta. "Inda muke yanzu zaure ne. Kowa ta nan yake shiga, ƙaramar kwamfuta ce guda ɗaya. Ba a aiki a zaure. Miƙa aiki ake yi, ya bi layi, in an zo kansa a kai shi ciki wurin manyan. Rubuta layi na uku."

Ya rubuta. Jerin sunaye ya fito, Mai Aski ya ƙirga da tsinin kum: Auta ce ta tara.

"Alhamdu lillahi," ta ce, ta sauke ajiyar zuciya. "Minti ashirin, talatin, za a zo kaina. Kada a taɓa komai."

Daidai nan Mai Kemis ta duba agogo ta ce lokacin ɗiga magani ya yi, kuma sai an kwanta minti arba'in da biyar. Ita da uwar suka kama Auta suka yi shagon magani da ita. Daga bakin ƙofa Auta ta waiwayo wajen da take zaton kawun yake, ta yi wa firij magana: "Kada a taɓa komai, Kawu."

Injiniya ya zauna. Jama'a suka zauna. Talabijin ba ta motsi.

"Shi ke nan?" in ji Tela. "Layi muka zo kallo? Na bar wando a keke."

"Ashe Giwar ma ba ta san shi ba," in ji Mai Aski. "Na tara. Ko a shagona ba na ba shi na tara."

Maganar ta soki Injiniya har ƙashi. Shi da ko a gidan mai ta baya yake shiga? Ya ciro takardar da ke maƙale a murfi, ya kai ta kusa da hanci. Ƙasan layukan huɗu akwai wasu biyu da jan biro. Ɗaya an rubuta "cire aiki daga layi". Ɗaya an rubuta "kunna shi nan take", a gefe kuma da manyan baƙi, "GWAJI KAƊAI, DA ƘARAMIN FAYIL". Ya sa babban yatsa ya rufe manyan baƙin.

"Yara ba su san gari ba," ya ce. "Layi na marasa hanya ne. Ku kalli nan."

Ya cire aikin daga layi. Ya kunna shi nan take, da babban fayil, a tsakiyar zaure. Lambobi suka fara gudu a talabijin kamar an ɓalle famfo. Wani daga bencin baya ya tafa. Masu wucewa suka fara tsayawa a ƙofa. Da ya ga gudun ya ɗan ragu, sai ya tuna dabarar da ya gani wajen Auta: in ka danna kibiyar sama, umarnin baya yana dawowa. Ya danna, ya buga. Ya danna, ya buga.

"Me kake yi kuma?" in ji Tela.

"Giya nake ƙara mata, kamar mota. Awa uku? Ni a minti goma zan sauke."

Ya yi ta ƙara giya har yatsansa ya gaji. Lambobin suka koma tafiyar tsohuwa. Suka koma rarrafe. Suka tsaya cak. Ya danna, shiru. Ya jijjiga kwamfutar, ya ɗaga ta ya hura mata iska ta ƙasa.

Sai wani layi ya faɗo a talabijin, ba shi ya rubuta ba. Mai Aski ya miƙe.

"Wai, wane ne ya toshe zaure?" Wani layin ya faɗo. "Wai, minti goma ina ƙoƙarin shiga, yau ce ranar ƙarshe, ku ji tsoron Allah." Wani kuma. "Wannan Farfesa ne. Wai a nemo masa mai wannan suna, yanzu."

"Gaisuwa ce," in ji Injiniya, gumi na bin bayan kunnensa. "Haka manya ke gaisawa a ciki."

Wayar Auta ta yi ƙara a kan teburi, har yanzu jone da soket ɗinta. Ya ƙi ɗauka. Ta katse, saƙo ya shigo: ofishin kula da Giwa ne, a kira wannan lamba nan take. Ya ce katin yarinya ba zai isa ba, ya kira da tasa, ya manta da abin da ke rataye a ƙofa.

Muryar wata mata ta cika layin, a sanyaye, irin muryar da ba ta buƙatar tsawa. "Ina magana da ɗalibar da ke da wannan suna?"

Injiniya ya dubi jama'a. Ya matse maƙogwaro, ya tattara leɓe, ya fito da wata 'yar siririyar murya kamar ƙyauren da bai sha mai ba. "Na'am, ranki ya daɗe, ni ce."

Tela ya cusa hular kansa a baki.

"Ke ce?" in ji matar. "Makon jiya kin zo ofishina. Yaushe muryar taki ta yi gemu?"

"Mura ce, ranki ya daɗe."

"To mai mura, kin kunna aiki guda sau arba'in da uku a zaure. Mutum ɗari da wani abu suna waje sun kasa shiga. Na kashe su duka, na kuma rufe sunanki. Ba da kalmar sirri ga wani laifi ne, kin sa hannu a kan haka."

"Wane aiki aka kunna a zaure?"

Wannan ba daga lasifika ta fito ba. Auta ce tsaye a ƙofa, uwarta riƙe da gwiwar hannunta, maganin ido na gangarowa ta ƙasan bandeji. Tun daga gadon Mai Kemis ta ji komai, ita da duk layin.

"Kawu. Ina layina?"

"Ai… na sama miki hanya ne."

Ta miƙa hannu, ya ɗora mata wayar. Ta yi sallama da muryarta ta gaskiya. Ta faɗi aikin ido, ta faɗi kwana goman da suka rage, ta ce laifinta ne, ita ta ba da kalmar, ba ta da abin cewa.

Aka ji matar tana danna maɓallai. "An zo kanki tun biyu saura minti goma, ba a same ki a layi ba, aka wuce. Yanzu mutum sittin ne a gaba. Biyu da kwata ta yi. Awa uku ba za ta shiga ba."

Babu wanda ya yi dariya. Uwar ta saki hannun Auta, ta juya ta kalli ƙanenta, irin kallon da rabonsa da shi tun yana ɗan shekara bakwai. Injiniya ya ja da baya har ya zauna a kan tsohon kibod.

"Ranki ya daɗe," Auta ta ce, "shekara guda ce."

"Na sani." Maɓallai suka sake ƙara. "Wani ya gama da wuri, injina huɗu sun sauka. In na mayar da ke gurbinki na haɗa miki da su, zai iya fita kafin biyar. Zai iya, ban ce zai fita ba. Ni zan tura da hannuna. Amma wayar ofishina tun ɗazu take ƙara, mutum talatin da ɗaya ke neman wanda ya toshe zaure, ni kuma ina da aiki. Wannan lambar da aka kira ni da ita, ta mai murar ce?"

"Tasa ce!" benci uku suka amsa baki ɗaya.

"Madalla. Zan ba su."

Ba a yi minti biyu ba wayar ta fara. Injiniya ya lallaɓa zai raba ta da lasifika, ya danna nan, ya danna can, ƙarar ta ƙaru. Ya tashi zai zare igiyar lasifikar, yayarsa ta ja kujera ta zauna a gaban soket ɗin, ta harɗe hannu.

Haka layin nan ya wuni yana saurare. "Na'am, Farfesa. I, ni ne. A'a, ba ɗalibi ba ne. A'a, ba ma'aikaci ba ne. Injiniya… na waya, ranka ya daɗe. A'a, ban yi ba. Ban yi wannan ba ma. Firamare na gama." Wata ɗaliba ta yi masa kuka, wani ya tambaye shi adireshin shago, ya ce sun tashi. Wani dattijo ya sa shi ya maimaita "ba a aiki a zaure" sau biyar, Mai Aski na ƙirgawa da kum. Mai rabin aski ya ce a bar sauran kan sai gobe, ba ya tashi.

Biyar saura minti takwas saƙo ya shigo wayar Auta. Mai Kemis ta karanta: lissafi ya fita, an buɗe sunan zuwa ƙarfe biyar, a sa sabuwar kalmar sirri a kwashe sakamako.

Injiniya ya miƙe, muryarsa ta dushe. "To, bari in…"

"Zauna," in ji yayarsa.

Ita ta ja kujerar gaban kwamfuta, matar da ko rediyo sai an kama mata tasha. Ta sa tabarau, ta ɗaga yatsa ɗaya. Auta ta faɗa, ta nema, ta danna. Abin da aka ce shi take yi, ba ƙari. Da aka zo sabuwar kalma, Auta ta sunkuya ta raɗa mata a kunne, doguwa ce, ta ɗauki lokaci. Uwar ta tsaya. Ta waiwayo ta dubi ƙanenta daga hula har takalmi, kafaɗunta suka fara rawa don dariya, ta share hawaye da bakin mayafi, ta shiga dannawa ɗaya bayan ɗaya.

Sakamako ya sauko, biyar saura minti biyu. Auta ta kife kai a kafaɗar uwarta.

Shi kuwa Injiniya yana tsaye gaban talabijin, hanci kusan manne da gilashi, yana bin wurin da kalmar ta shiga da ido. Baƙi ƙirin. Ko ɗigo.

"Me ta rubuta?" ya ce. "Yaya, me aka ce a kaina? Mai Aski, kai da kake karanta komai, me aka rubuta?"

Mai Aski ya leƙa, ya karkata kai, ya girgiza shi cikin jimami.

"Bai shiga ba, Injiniya. Ina jin kibod ɗin ne ya mutu."